Shari'ar Karnukan Korau

An ce wai a zamanin da daji yake daji, kafin gonaki su cinye shi, an yi wani tsohon maharbi a garin Kwarin Maje mai suna Korau. Mutum ne mai tsadar magana. In ka gaishe shi zai amsa maka da kyau, amma in ka tsaya jiran ya ɗora wani abu a kai, to rana za ta faɗi kana tsaye. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage masa a duniya bai wuce ɗansa guda, Nomau, da matar ɗan, Cima, da karnuka biyu ba.

Babban karen sunansa Toka, saboda launin gashinsa. Shi ne abokin dajin Korau tun gwiwarsa tana da ƙarfi, kuma tabon da ke kafaɗarsa na hauren gyado ne, wato aladen daji, ya samo shi ranar da ya shiga tsakanin dabbar da ubangidansa. Ƙaramin kuwa, Duna, baƙi ne wuluk, kuma ɗan Toka ne na cikinsa. Tun yana ɗan kwikwiyo Korau ya ɗauko shi ya ajiye a ƙofar ɗakin Nomau, ya wuce abinsa. Wannan ita ce kyauta mafi girma da ya taɓa yi wa ɗansa, kuma ko ita ɗin bai tsaya an yi masa godiya ba.

Dalili kuwa shi ne Nomau ɗan fari ne, kuma kowa ya san kunyar da iyaye suke yi wa ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a idon jama'a, ba a yabonsa. Wasu sukan sassauta in yaro ya girma. Korau bai sassauta ba. In zai kira shi sai ya ce “kai”, in zai ba da labarinsa sai ya ce “wancan na gida”. Ranar da Nomau ya kaso barewarsa ta farko, unguwa ta taru ana sa masa albarka, uban ya zo ya duba naman, ya ce kibiyar ta yi ƙasa da yawa, ya koma ya zauna. Ba ƙiyayya ba ce. Son da yake yi wa yaron nan ya isa ya cika rumbu, sai dai ya rufe rumbun ya yaɓe bakinsa, yana ganin akwai sauran lokaci.

Karnukan kuwa suna da tsarinsu a gidan, kuma Korau ne ya kafa shi. Kullum da yamma ana ajiye kasko biyu nesa da juna, ɗaya a gindin rumbu, ɗaya kusa da turmi. Na Toka ake fara ajiyewa. Duna yakan zauna yana kallo, yawu na ɗiga, amma ba ya taɓa nasa sai uban ya sunkuyar da kai. Toka a ƙofar ɗakin Korau yake kwana, Duna a ƙofar ɗakin Nomau. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin sun yi wa juna ko gurnani.

Sai ga wata damina, ana cikin noman farko, kububuwa ta sari Nomau a dunduniya. Kafin azahar ɗin washegari an dawo daga maƙabarta. Ya bar Cima da ƙaramin ciki, ta shiga takaba a ɗakinsa.

Korau ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe ƙamas. Duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri, sai ya ce ya gode. Mutane suka yi ta yabon dauriyarsa, suna cewa ga dattijon da ya riƙe kunya har bakin kabari. Ni dai ban ga abin yabo a ciki ba, tausayi na gani. Mutumin da bai kira sunan ɗansa yana raye ba, ta yaya zai kira shi da kuka bayan ya mutu?

Wanda ya yi kukan a fili shi ne Duna. Ya ƙi ci. Yakan kwanta a ƙofar ɗakin, in ya ji motsi a zaure ya zabura, in ya ga ba wanda yake jira ba ne ya dawo ya kwanta. Da hantsi yakan bi hanyar gona har inda abin ya faru, ya shinshina ƙasa, ya komo. Korau yana kallonsa, yana jin kamar karen ne yake yi masa abin da shi ya kasa yi. Ran nan ya ɗebi tuwo ya durƙusa gabansa, ya yi ta lallashinsa har ya karɓa daga tafin hannunsa. Tun daga ranar rumbun son nan ya ɓalle, kuma duk abin da ke cikinsa a kan Duna ya zube.

Kaskon Duna ya koma shi ake fara ajiyewa. Tsoka ta koma tasa. Da yamma Korau yakan zauna yana cire masa kaska, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, maganar da ba wanda ya taɓa jin ya yi wa ɗan Adam. Daga baya ya jawo shi ƙofar ɗakinsa, da ya tarar da Toka kwance a wurin da ya saba, sai ya ture shi da ƙafa ya ce ya matsa. Toka ya tashi ya matsa. Ya tsaya can gefe yana duban ubangidansa, yana jiran a ce masa wasa ne, ba a ce ba.

Kare ba ya sanin takaba, amma ya san wanda aka ɗora da wanda aka sauke. Duna ya warke daga ƙin cin abinci, ya murmure, ya kuma gane cewa gida ya zama nasa. In ya cinye kaskonsa sai ya nufi na uban. In Toka ya zo wucewa ta kusa da Korau sai ya tare shi yana yaƙe haƙora. Faɗa ya fara, ƙarami yana da ƙarfi, babba yana da zuciya, kuma kusan kullum sai an zubar da jini. Duk sanda aka yi, Toka ake bai wa laifi. Har ta kai ranar da Korau ya ɗauki sanda ya zabga wa karen da ya taɓa tare masa gyado, yana cewa tsufa ya sa masa hassada.

Cima tana gani daga ƙofar ɗakinta. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, “Baba, Toka fa bai ci ba.” Korau ya ce mata tsohon kare ya san yadda zai yi da kansa. Suruka ba ta ja da surukinta, sai ta koma ciki.

Da kaka ta yi, wata rana Korau ya harbo zabon daji, Cima ta dafa. Ya zauna yana yagar tsokar yana miƙa wa Duna a baki, ya tattara ƙasusuwan ya watsa wa Toka can gefe. Shi da kansa ne a da yake gargaɗin matasan maharba cewa ba a ba kare dafaffen ƙashin tsuntsu, don tsagewa yake yi ya yi tsini, amma ranar hankalinsa ba ya wurin. Toka bai gama sunkuyawa ba Duna ya taso masa. Tsohon ya wawuri abin da bakinsa ya iya ɗauka ya ruga ƙarƙashin rumbu. Aka ji ya yi wata 'yar ƙara, daga nan shiru.

Bayan wannan Toka ya sake gaba ɗaya. Ya daina fitowa daga ƙarƙashin rumbun. Yawu ya dinga zuba daga bakinsa kamar igiya, yana ta dakar fuskarsa da ƙafar gaba, idanunsa suka yi ja. Abinci ya bushe a kaskonsa. Duna, da ya ga uban ya daina ja da shi, sai ya sauko, ya rarrafa ya je zai lashi bakinsa kamar yadda yake yi yana ƙarami, Toka kuwa ya kafta masa cizo a kunne. Korau ya wanke wa Duna kunnen, ya shafa masa magani, bai ko leƙa ƙarƙashin rumbun ba.

Cima ce ta kasa jurewa. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta kai masa, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin ya tsufa, ta sa hannu ƙarƙashin haɓarsa don ta ɗago kansa. Toka ya cije ta a tsintsiyar hannu. Nan take ya saki, ya ja da baya ya maƙure a lungu, amma haƙori ya riga ya shiga.

Kafin la'asar maganar ta gama gari: mahaukacin kare ya ciji mai takaba. Mutanen Kwarin Maje kuwa ba labarin ciwon nan suka ji ba, sun gan shi. Akwai wani masunci da aka yi a garin, mahaukacin kare ya cije shi, ciwon cizon ya warke sarai, ya koma sana'arsa, sai bayan watanni ya fara firgita in ya ga ruwa, ya mutu a ɗaure. Cima ta san labarin. Wanzami ya zo ya wanke mata hannun da ruwan zafi da sabulun salo ya ɗaure, ta koma ɗaki ta zauna ta dafe cikinta da hannu mai lafiyar, ba ta kuka.

Tana da wa, Jibo maƙeri, mutum mai saurin hannu da saurin fushi, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu. Ya taho da gatari zai gama da karnukan biyu a tsakar gida, maƙwabta suka riƙe shi, suka ce gari da alƙali ba a yin haka. Washegari da safe aka ɗunguma zuwa gaban Alƙali Ɗalhatu.

Shi wannan alƙali an san shi da abu biyu. Na farko, yakan bar mai ƙara ya yi magana har ya gaji. Na biyu, ba ya ƙaunar kare ko kaɗan. In kare ya gitta masa a hanyar masallaci, sai ya tattare rigarsa ya sake hanya, ko da zai rasa sahun farko. Don haka Jibo ya shiga da ƙarfin gwiwa, yana ganin shari'ar ta ƙare tun ba a fara ba. Ya kwashe bayani tsaf, ya ce ƙanwarsa marainiya ce, ga takaba ga ciki, kuma tunda mahaukacin ya ciji ɗansa, to duka biyun za a kashe, kuma a yau.

Alƙali ya juya wajen Korau. Tsohon ya ce, “Allah ya gafarta Malam, babban ne ya yi cizon. A ɗauke shi, ban hana ba. Amma a bar mini ƙaramin.”

Alƙali ya tambaye shi wanne ya fi daɗewa a hannunsa. Ya ce babban. Ya tambaye shi wanne ya fi yi masa aiki a daji. Ya ce babban.

“To shi ƙaramin me ya yi maka, Baba Korau?”

Korau ya buɗe baki ya rufe. Amsar tana buƙatar sunan da bai taɓa faɗa ba. Wani dattijo da ke zaune kusa ya matsa ya raɗa wa alƙali cewa karen marigayi ne, marigayin kuwa ɗan fari. Alƙali ya gyaɗa kai, bai sake tambaya a kan wannan ba.

Sai ya yi abin da ya ba kowa mamaki, ya ce a kai shi ya ga karnukan. An ɗaure su a waje, kowanne a gindin bishiyarsa. Alƙali ya tsaya can nesa, ya tattare rigarsa har gwiwa, yadda har wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsu. Toka yana kwance ya rame, haƙarƙarinsa a waje. Da ya hangi Korau sai ya kaɗa wutsiya a ƙasa, a hankali. Alƙali ya sa aka tura masa ruwa a kasko da dogon kara. Karen ya ja jiki ya isa ga ruwan, ya sa harshe, ya yi ƙara ya janye, ya sake komawa, ya sake janyewa.

Alƙali ya tambaya ko ya ciji wani ban da waɗannan biyun. Aka ce a'a. Ya ce kaji ba sa shiga ƙarƙashin rumbun? Aka ce can suke wuni tare da shi, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce ina hannun Cima yake lokacin da aka cije ta? Jibo ya ce a haɓar karen. Ya ce shi ƙaramin fa? Korau ya ce bakin uban ya je lasa. Sannan ya kira tsofaffin maharba biyu daga cikin jama'a, ya tambaye su kwana nawa kare yakan yi in haukan gaske ya kama shi har ya fara zubar da yawu. Suka ce a iya saninsu ba ya ganin Juma'a biyu.

Aka koma ciki aka zauna. Alƙali ya dubi maƙerin ya ce, “Jibo, in na sa an kashe karnukan nan yanzu, me za ka je ka gaya wa ƙanwarka?”

Jibo ya ce zai gaya mata an rama mata.

“Za ta ce ta gode. Sannan ta tambaye ka, Yaya, zan rayu? Abin da ke cikina zai rayu? Wa zai amsa mata? Ni ban sani ba, wanzami bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Za ta haihu tana jira, ta yi goyo tana jira, duk ranar da kanta ya sara ta ce ga shi nan ya zo. A duk faɗin garin nan mai sanin amsar guda ɗaya ne, shi ne wancan da ke ɗaure a gindin bishiya. In ya mutu da hauka, mun san abin da ke gabanmu, mu koma ga Allah. In ya rayu, ta kuɓuta. Kai ka kawo mini shi a matsayin mai laifi, ni kuwa shaida na gani, kuma ban taɓa jin shari'ar da aka kashe shaida kafin ya ba da shaidarsa ba.”

Alƙali ya yanke hukunci: za a kai karnukan maƙerar Jibo, a ɗaure kowanne a turkensa da sarƙar da Jibo zai ƙera da hannunsa, nesa da juna, nesa da mutane, har Juma'a biyu su wuce. Ran karnukan yana wuyan Jibo. Ciyar da su yana wuyan Korau. Kuma babban za a fara ba, ba za a ajiye wa ƙaramin kasko ba sai babban ya ci.

Jibo ya ce, “Allah ya gafarta Malam, karen da ba ya ci, in yunwa ta kashe shi fa? Ai ba za mu san ko hauka ne ko yunwa ba.”

Alƙali ya ce, “To ka ga aikinka ke nan. Kada ka bari ya mutu.”

Da jama'a suka fara watsewa, ya tsayar da Korau. Ya ce masa shi bai san kare ba, ba ya kuma fatan ya sani, amma zaman da ya yi a kan buzun nan ya koya masa cewa mai ciwo inda yake masa zafi yake karewa. Ya ce mahaukaci ba ya zaɓen wanda zai ciza, wannan kuwa bai taɓa kowa ba sai wanda ya kusanci bakinsa. Ya ce, “Kai ne maharbi, Baba. Yaushe rabonka da ka dube shi?” Korau ya tashi ya fita.

Abin da ya faru a maƙerar Jibo ya daɗe ana labarinsa. Mutumin da ya zo da gatari jiya, yau shi ne ya kafa wa Toka rumfa don kada rana ta dake shi. Shi ne ya tafi rugar Fulani da sassafe ya samo madara. Ya bar garmunan mutane a wuta, ya tsuguna nesa kaɗan yana kore wa kare ƙuda da reshen dogonyaro, yana roƙon Allah ya raya shi kamar ɗansa. Masu zuwa karɓar aiki suna yi masa tsiya, ko ya ɗago kai.

Korau kuwa ya sha wuya ta wani gefen. Ya kawo kasko biyu, ya tura wa Toka nasa, Toka ya gwada ya kasa. Duna yana can ɗaya turken yana kuka, yana jan sarƙa, yana duban kaskon da aka hana shi. Tsohon ya miƙe zai kai masa, Jibo ya ce, “Baba Korau, hukunci.” Ya koma ya zauna. Tunda ba yadda zai yi Duna ya ci sai Toka ya ci, dole ya zauna gaban Toka ya zuba masa ido, abin da bai yi ba tun damina. Ya ga ramar. Ya ga tabon gyado. Ya ga wani sabon tabo a ƙugu, ya gane na sandarsa ne. Ranar haka rana ta faɗi ba wanda ya ci, har shi Korau ɗin.

Washegari da hantsi ya dawo, ya matsa kusa fiye da yadda Jibo yake so. Bai san lokacin da bakinsa ya fara kirarin da yake yi wa karen in za su shiga daji ba: “Toka na Korau, mai shiga gaba, ba a kiranka sau biyu.” Karen ya ɗaga kunne. Ya ja cikinsa a ƙasa har iyakar sarƙa, ya miƙa wuya ya ɗora kansa a kan gwiwar ubangidansa. Nan wari ya bugi hancin Korau, kuma hancin maharbi ba ya ɓata irin wannan. Warin ruɓaɓɓen miki ne.

Ya ce wa Jibo ya kawo ƙaramin awartakinsa. Jibo ya ce ya tuna fa abin da ake zargi, in ya cije shi sun zama biyu. Korau ya ce, “Ya taɓa sa kansa a bakin gyado saboda ni. Kawo.”

Ya naɗe hannunsa da warkinsa na fata, ya gitta wa karen guntun icce a baki, Jibo ya riƙe ƙafafun. Suka juya shi wajen haske. Can a saman bakin, daga wannan haƙori zuwa wancan, ga tsagin ƙashi ya gitta ya kafe, dasashin ya kumbura ya kusa rufe shi. Jibo ya sa awartakin, ya kama ya ja. Toka ya yi wata ƙara da ta sa masu wucewa suka tsaya. Iccen ya zame, hannun Korau ya faɗa tsakanin haƙoransa, karen ya riƙe hannun, bai datse ba.

Jibo ya miƙa masa abin da ya fito. Korau ya juya shi a tafin hannu. Ƙashin ƙafar zabo ne, dafaffe, kuma ya san hannun da ya jefa shi.

A nan tsohon ya karye. Ya kifa fuskarsa a wuyan karen, ya fashe da kukan da bai yi a zaure ba, bai yi a maƙabarta ba. Cikin kukan Jibo ya ji yana cewa, “Nomau. Wayyo Nomau, ɗana.” Maƙerin ya juya baya ya kama zugazugi yana hura wutar da ba ta buƙatar huri, don kada dattijo ya san an ji shi.

Da yamma Toka ya sha madara, kaɗan-kaɗan, ana wanke masa bakin da ruwan gishiri. Sai da ya sunkuyar da kai sannan Korau ya ɗauki ɗaya kaskon ya kai wa Duna. Haka aka yi ta yi kullum. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, karnukan biyu suna ci suna sha, yawun ya tsaya. Aka koma gaban alƙali, aka ajiye masa ƙashin a kan faifai. Ya duba daga nesa, ya ce shaida ya ba da shaidarsa, a je a gaya wa Cima ta kwantar da hankalinta. Ya ƙara da cewa tsarin kasko ya ci gaba yadda yake, kuma kowane kare ya koma ƙofar da ya saba kwana. Jibo bai jira an tashi ba, da gudu ya tafi. Da ya faɗa mata, sai a lokacin ta yi kuka.

Da labarin a nan ya ƙare, da na fi kowa murna. Amma Toka tsoho ne, kuma yunwar da ya sha da ciwon da ya ci shi sun tafi da abin da ba ya dawowa. Bakin ya warke, ƙarfin bai komo ba. Bai sake shiga daji ba. Yakan wuni a ƙofar ɗakin Korau, wurinsa na da, tsohon yana zaune kusa yana cire masa kaska, yana tauna masa nama kafin ya ba shi. Duna ya koma ƙofar ɗakin Cima. Faɗa ya mutu kamar ba a taɓa yi ba, har in rana ta yi sanyi ƙaramin yakan zo ya kwanta ya jingina da uban.

Cima ta sauka lafiya, namiji, aka yi masa laƙabi da Audi, kamar yadda akan yi wa wanda bai tarar da mahaifinsa ba. Ba a daɗe da suna ba, wata safiya Korau ya fito zai yi alwala, ya tarar da Toka kwance a bakin ƙofa, kansa a kan ƙafafunsa, yana fuskantar ɗakin. Ya kira shi sau ɗaya. Bai sake kira ba. Shi da Jibo suka kai shi bakin daji suka haƙa masa rami mai zurfi, don kada kura ta tone.

Da yamma Korau ya zuba abinci a kasko ɗaya ya ajiye kusa da turmi. Duna ya zo ya zauna a gabansa, bai taɓa ba. Yana duban gindin rumbu, yana duban Korau. Tsohon ya yi masa magana, ya tura masa kaskon, ya ƙi. Sai da ya shiga ya ɗauko kaskon Toka, ba komai a ciki, ya ajiye a wurinsa, ya tsaya jim kaɗan, sannan Duna ya sunkuya ya ci. Haka Korau ya ci gaba da ajiye kasko biyu kullum, ɗaya wayam, har ƙarshen ransa.

An ce da labarin ya kai kunnen Alƙali Ɗalhatu, sai ya ce wa na kusa da shi su riƙe wannan: duk wanda kewar wanda ya tafi ta rufe masa ido daga wanda yake kwance a ƙofarsa, to makoki biyu zai yi.